Zif Ɗin Rigar Zuma

Laraba, 9 ga Afrilu, 2025

Yau ma sai da muka yi ta da maigidana Malam Awaisu a kan zumar nan. Ya ce akwatunansa sun cika, mako mai zuwa zai ɗiba. Na ce ba da yawuna ba. Ya yi dariya ya ce, "Zuwaira, ba a shan zuma sai an sha harbi." Na ce wanda ya yi karin maganar nan bai ga fuskarka bara ba.

Ni na gani. Ƙuda uku kacal suka harbe shi a wuya, kafin a iso da shi gida idanunsa sun rufe, leɓe ya kumbura, numfashi sai da ƙyar. Malamin asibiti a Malumfashi a gabana ya faɗa, ba labari aka ba ni ba: jinin Awaisu ya daina karɓar dafin zuma, in aka sake harbinsa yana iya cikawa a hanya. Shekara ashirin yana shan harbi kamar cizon sauro, rana ɗaya jiki ya ce ya gaji.

Akwati goma sha takwas gare shi a ƙarƙashin ɗorawoyin gonarmu ta bayan Dayi. Na ce ya sayar. Ya ce in fara sayar da kekena. Ina ruwan keke da zuma? Keken ɗinki bai taɓa kwantar da mijin kowa a asibiti ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ya shigo da hoto a waya. Wata farar riga ce haɗe da wando, da hula mai raga a fuska, wai irinta masu kiwon zuma suke sawa, sun gani a wajen bita a Funtua. Ya ce, "Tunda duk Dayi babu kamarki, ɗinka mani." Mutumin nan ya san inda zai taɓa ni.

Na duba hoton da kyau. Ɗinkin ba wani abin a zo a gani ba ne, miƙaƙƙe ne. Duk ran rigar yana ga zif: ɗaya dogo daga mara zuwa wuya, ɗaya kuma ya zagaye wuya ya haɗa hula da riga. In sun riƙe, mutum ya tsira. In suka bar kafa ko da ta ƙwayar wake ce, shi ke nan.

Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake, tuni na fara yanka yadin a kaina. Tunda ba fasawa zai yi ba, gara ya shiga cikin abin da hannuna ya ɗinka, da ya shiga da tsohuwar riga da gidan sauro a ka kamar bara.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je Funtua wurin Hajiya Mairo, wadda ta koya mini ɗinki. Yanzu ta ajiye keke, kayan teloli take sayarwa. Da na gaya mata abin da zan yi sai ta ture zif na roba gefe, ta ciro mini na ƙarfe masu manyan haƙora, irin na jakar tafiya. Ta ce, "Wannan ko jaki ya ja ba ya buɗewa ta tsakiya."

Ina juya shi a hannu sai na tambaye ta, wai ni ina aka samo sunan nan? Shekara goma sha shida ina cewa zif, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. Ta ce ta taɓa ji a rediyo, Turawan ma daga ƙararsa suka sa masa suna. Wai kimanin shekara ɗari da suka wuce, a Amurka, wani takalmin roba na shiga ruwa aka fara kira da sunan saboda abin da ake rufe shi da shi, daga baya sunan ya bar takalmin ya bi abin. Mu kuma da ya iso mu muka daidaita shi da bakinmu, wasu su ce zif, wasu su ce zik. Ta kawo wani tsoho kusa da kunnena ta ja, ziiif. Ta ce, "Kin ji, shi ya raɗa wa kansa suna, ba a yanka mashi rago ba."

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Kakata har ta rasu ba ta san shi ba, zariya da maɓalli suka ishe ta. Ni ga shi yau na ɗauki ran mijina zan rataya a kansa.

Sabbin da na saya ba sa wannan ƙarar mai daɗi. Ƙirr suke yi, suna cijewa. Hajiya ta ce sabunta ce, za su saki.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na auna shi. Da na zo wuya sai da na sake awon sau biyu. Ya ce, "Ke da ba ki sake awo?" Na ce ya rufe mini baki ya ɗaga haɓa.

Yadi mai kauri na sa, ninki biyu a ƙirji da kafaɗa. Roba a wuyan hannu, roba a idon sawu.

Talata, 15 ga Afrilu

Na farke wuyan sau uku. Ban dafa komai ba sai taliya.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ta haɗu. Wuri ɗaya ne bai kwanta mini ba: a maƙogwaro, inda kan dogon zif ya tsaya, na wuyan kuma ya zo ya same shi, akwai 'yar kafa. Ƙaramin yatsana ba ya shiga, amma ina ganin haske ta ciki. Na ɗinka ƙyalle na rufe wurin, na sa maɓalli. Na ja, na murɗa, na hura. Ya zauna.

Da yamma Baba Ɗanasabe da matarsa Hansai suka biyo daga kasuwa. Bamaguje ne, gonarsa tana maƙwabtaka da tamu, shi ya koya wa Malam zuma tun yana saurayi. Shi har yau amya ya sani, irin ta kara da ake ratayawa a bishiya, ya hau da wuta ba ko riga. Sai dai ido ya fara gaza masa, bana bai hau ba.

Malam ya sa rigar ya fito tsakar gida yana tafiya kamar agwagwa. Baba ya matso ya shafa zif ɗin tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Awaisu, wannan ai likkafani ne mai haƙora." Hansai ta kai masa duka a kafaɗa. "Tsohon banza, bakinka ya sari ɗanyen kashi." Kowa ya yi dariya. Ni na shiga ɗaki na yi ta a'uziyya.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Zif ɗin bai saki ba. Malam ya gwada da safar hannu, ya ja ya ja, ya maƙale a ƙirji. Na ce wannan ba zai yiwu ba, abin da mutum zai yi kokawa da shi kafin ya rufe, wata rana a rabi zai bar shi.

Maganin wannan kowane tela ya san shi: a goga kyandir a haƙoran. Na birkice gidan nan kaf, babu. Tun da muka sa fitila mai sola wa ya ƙara sayen kyandir? Har na ɗauki hijabi zan leƙa maƙwabta, sai idona ya faɗa kan kwanon Malam, inda yake dunƙule kakin da ya rage in ya matse zuma. Na ce to, kyandir ma ai ɗan'uwan wannan ne. Na gutsuro na goga wa dogon, na goga wa na wuyan, ciki da waje, sau biyu biyu. Yana ɗan danƙo a hannu, na lashe yatsana.

Kai! Sulɓi kamar an zuba mai. Da yatsa biyu nake ja. Ziiif, irin ta Hajiya sak. Har wani ƙamshi rigar take yi.

Yau ne karo na farko da na ji hankalina ya ɗan kwanta.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Gobe ne, bayan la'asar.

Saminu, ƙanin Malam da ke aiki a kamfanin gurzar auduga a Funtua, ya iso da babur. Shi zai riƙe hayaƙi. Na sa shi ya yi mini alkawari uku: tanki a cike, babur a bakin gona, hancinsa yana kallon titi. Ya ce, "Matar yaya, yaƙi za mu ko zuma?" Na ce in yayanka ya dawo da ko ƙurji ɗaya, tuwona ya haramta gare ka har abada. Ya ce dama gishiri yake yi masa yawa.

Shi ba shi da riga, gidan sauro zai yafa. Harbi ba ya yi masa komai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Muna asibiti. Yana numfashi. Ba zan iya rubutu ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yana barci, an cire masa robar hanci. Bari in rubuta ko kaina zai daina juyawa.

Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji babur ya wuce ƙofarmu da wani irin gudu, ba a tsaya ba. Na leƙa na hango mutum uku a kai, na tsakiya kansa yana lilo. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Wani mai acaba ya ɗauke ni, duk hanyar Malumfashi ba na ganin komai sai bayan rigarsa. Da na isa an riga an yi masa allura biyu. Malamin asibitin ya dube ni ya ce, "Ba na gaya maku ba?" Ya ce da an ƙara minti goma, da wani zancen ake yi.

Harbi biyu ne, duk a maƙogwaro.

Saminu ya ba ni labarin a baranda. Ya ce tun da suka buɗe akwatin farko abin ya ba shi mamaki. Ƙudan suka fito, ba su bi ta kansa ba, shi da yake tsaye taku biyu da gidan sauro kawai. Duk suka yi kan Malam. Kuma ba ko'ina suka sauka ba. "Wallahi matar yaya, layi suka yi. Tun daga cibiya har wuya, baƙi ƙirin, kamar an zana da gawayi. Wuyan kuwa sun zagaye shi kamar sarƙa." Ya ce ya yi ta busa hayaƙi, su tashi su dawo. Ya ce wa yayansa su bari, Malam ya ce ai rigar Zuwaira ce, ba abin da zai shiga. Suka yi akwati na biyu, suka yi na uku. A na ukun ne Malam ya saki murfi ya dafe wuya.

Saminu ya ja shi da gudu har bakin gona, Baba Ɗanasabe ya fito da bakin wuta yana kora, suka tuɓe rigar suka jefar, Baba ya hau baya ya riƙe shi.

Na ce, "Layin nan, a ina ka ce?"

Ya ce, "A kan zif mana. Daidai kan zif."

Na ji ɗanɗanon abin da na lasa a yatsana ranar Alhamis ya dawo mini baki. Kakin nan ba a dafa shi ba, ba a tace ba, da sauran zumarsa. Ni da hannuna na shafa musu abinci a kan hanyar da ta miƙe zuwa maƙogwaron mijina. Ɗaruruwa suna turereniya a wuri ɗaya, ina ƙyalle da maɓalli za su iya?

Na ce wa Saminu ya je ya ci abinci.

Talata, 22 ga Afrilu

Mun dawo gida. Masu sannu sun cika zaure.

Baba Ɗanasabe ya zo bayan an watse. Ya zauna, sannan ya ce, "Awaisu, zan faɗa maka abin da na gada. In zuma ta bar kowa ta bi mutum ɗaya, to ta ƙi shi ne. Ƙanen ubana haka ta yi mashi, bai ji ba, ya koma. A gindin kuka muka ɗauko shi. Tsakaninka da ita ya ƙare."

Malam ya ce shi bai yarda da irin wannan ba, komai na Allah ne. Baba ya ce, "Ni ma ban ce ba na Allah ba ne." Ina bayan ƙofa da butar shayi, na kasa shiga, na kasa komawa.

Saminu ya koma Funtua. Ya rantse ko a kwalba ya ga zuma zai canza hanya.

Laraba, 23 ga Afrilu

Da safe, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Kin yi nasara. Zan sayar." Wai wani Alhaji Maitama a Dandume ya daɗe yana nema.

Shekara guda ina roƙon Allah ya sa in ji wannan kalma. Na ji ta. Me ya sa tuwo ya ƙi wucewa?

Alhamis, 24 ga Afrilu

Hansai ta zo ita kaɗai, da ƙunshi a ka. Ta tabbatar Malam yana zaure, ta ja ni bayan rumbu ta kwance. Rigar ce.

Ta ce, "Ɗiyata, kwana huɗu rigar nan tana rataye a kan aduwa, ba kowa a cikinta, ƙuda ba su bar haƙoranta ba. Na ce to, in Awaisu suka ƙi, me suke nema a nan bayan ba ya ciki? Na kore su na lasa."

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Tsohon can bai gani ba, idonshi sai a hankali. Ni kuma ba bakina ba ne. Na dai kawo maki kayanki." Ta ɗaure zanenta ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Na cusa rigar a ƙasan buhun ƙyallaye. Ga yadda abin yake, tunda littafin nan ba ya kai gulma: in na yi shiru, ranar Laraba a kwashe akwatunan, mijina ya rayu. In na faɗa, ya san ba ƙinsa aka yi ba, kuskuren tela ne, kuma kuskuren tela gyara shi ake yi. Zai koma. Na san shi kamar yunwar cikina.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ya ce a ɗauke kwalbar zuma daga inda yake karyawa. Da sukari ya sha kunu, shi da yake cewa sukari gishirin Turawa ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Kumburi ya sauka, amma mutumin bai dawo ba. Kowa yana sharar gona, shi yana kan tabarma. Rediyo ma ba ya kunnawa.

Ina kan keke da hantsi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Zuwaira, me na yi masu?" Na yi kamar zare ne ya sarƙe. Ya ce, "Shekara ashirin ban taɓa ƙona masu gida ba. Ban taɓa kwashewa duka ba, sai na bar masu rabonsu. Da rani ni nake kai masu ruwa a kasko. Da harbina kawai suka yi, ai na saba. Amma su bar Saminu su zaɓe ni?"

Maganar ta zo mini har leɓe. Na haɗiye. Na ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ya ce amin, ya juya.

Ban taɓa jin na tsani muryata kamar yau ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Saura ƙiris. Akwati goma sha biyar ba a taɓa ba, in ruwa ya sauka zumar bana ta tafi.

Na yi ta gaya wa kaina shiru ba ƙarya ba ne. Ban ce masa zuma ta ƙi shi ba, Baba ne ya faɗa. Kwana biyu kawai zan daure. Mace nawa ce za ta samu dama irin wannan ta tsirar da mijinta ta ƙi?

To amma wane mijin zan tsirar? Wannan na kan tabarma?

Talata, 29 ga Afrilu

Na faɗa.

Ban shirya ba. Na ji shi a waya yana kwatanta wa Alhaji Maitama hanyar gona, muryarsa kamar mai ba da adireshin gidan makoki. Yana ajiyewa na shiga na zazzage buhun ƙyallaye, na kawo rigar na kai zif ɗin hancinsa. Na ce, "Shinshina."

Ya shinshina. Ya sake. Ya goga yatsa ya kai baki. Ya ce, "Da me?"

Na ce, "Da kakinka na cikin kwano. Babu kyandir."

Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai kawai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, hawaye suna zuba, ban san na dariyar ne ko na wani abu ba. Yana cewa, "Ashe gayyatarsu aka yi! Ashe walima suka zo!" Na durƙusa na ce ya yafe mini, na kusa kashe shi, kuma kwana tara ina sane na yi shiru. Ya ce, "Tashi, tashi. Wanda bai yi ɗinki ba shi ne bai soki yatsa ba."

A gabana fuskarsa ta dawo. Ya ɗauki waya ya ba Alhaji Maitama haƙuri. Ya ce in kawo kwalbar nan. Ya ci tuwo malmala biyu.

Sannan, yana wanke hannu, ya ce, "Sai ki canza zif ɗin. Asabar in shiga, kafin ruwa."

Na sani. Tun ranar Alhamis na sani. Na shiga madafa na yi kuka har wuta ta mutu.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na ce ba zan ɗinka ba. Na tuna masa maganar malamin asibiti, ya ce ai yanzu an san dalili. Na ce an san dalili ɗaya, saura ɗari da ba a sani ba: ƙaya ta yaga yadi, roba ta saki, ƙuda ɗaya ya biyo ka bayan ka tuɓe. Ɗaya fa ya isa.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To ba komai, gidan sauron Saminu yana nan." A hankali ya faɗa, irin yadda yake faɗin abin da zai yi.

Na kira Saminu. Ya ce ya riga ya rantse, kuma ko bai rantse ba bai san kan akwati ba, hayaƙi kawai ya iya. Baba ba ya gani, kuma shi da wuta ya saba, Malam ba zai bari a kusanci akwatinsa da wuta ba. Duk Dayi an rasa mutum ɗaya. Maza sai cika baki a majalisa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na koma Funtua. Sabon yadi, don tsohon ya sha ƙamshi ko an wanke ban yarda da shi ba. Zif na roba masu kauri, ba sa buƙatar a goga musu komai. Da abin nan mai mannewa irin na takalmin yara, shi zan rufe maƙogwaro da shi, faɗin tafin hannu. Hajiya Mairo ta tambayi labarin na ƙarfen, na ce sun yi aikinsu, tela ce ba ta yi nata ba.

A dawowa na sauka kafin gari na bi ta gona. Ban san me ya kai ni ba. Na tsaya daga nesa, wajen aduwa. Ban taɓa ganin akwatunan da idona ba sai yau, shekara nawa ina zaginsu. Ƙanana ne ashe. Suna ta shige da fice abinsu, ba ruwansu da kowa.

Hansai ta same ni a nan. Na tambaye ta yadda ake hayaƙin. Ta ce busasshen kashin shanu, ba mai yawa ba, a busa a ƙofa a jira. Ta ce ba sa son gaggawa, ba sa son turare, ba sa son mai bugun abu. Ta ce shekara talatin ita take tsayawa a gindin bishiya tana karɓar ƙwarya daga hannun Baba, harbin da ta sha ba ya ƙirguwa. Ta tambaye ni ko an taɓa harbina. Na ce sau biyu ina yarinya, ya yi ƙaiƙayi ya wuce. Ta ce, "Uhm."

Don in sani ne kawai na tambaya. Mai ɗinka riga ya kamata ta san aikin da za a yi da ita.

Juma'a, 2 ga Mayu

Tun asuba nake kan keke, kafin azahar na gama. Ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba. Na ɗaga ta a rana na duba kowane layi, ba inda haske yake ratsawa.

Malam ya dawo daga masallaci ya ce a kawo ya gwada. Ya zura ƙafa, wandon ya tsaya masa a ƙwauri. Ya nemi sa hannu, kafaɗa ta ƙi shiga. Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce almakashi ne ya zarce.

Ya tuɓe a hankali. Ya ɗaga rigar ta kafaɗu ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta. Na ɗauka zai yi dariya irin ta shekaranjiya waccan. Bai yi ba. Ya daɗe tsaye, har na fara tattara zaren da bai zube ba. Sannan ya ninke ta da kansa ya ɗora a kan kekena.

Ya ce, "Ta bayan akwati ake tsayawa, ba ta ƙofa ba. Saƙar da aka rufe bakinta ita ce ta nuna, mai 'ya'ya a mayar. Na gindin ɗorawa ta uku sun fi faɗa, a bar su ƙarshe." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "A bar masu rabonsu."

Akwai sauran yadi da zai isa babba. Ban yanka ba, hannuna ya gaji.

Makullin babur ɗin Malam na ɓoye shi cikin tukunyar daddawa, ba zai taɓa dubawa can ba. Na aika wa Hansai ta jira ni wajen aduwa gobe bayan la'asar, ta taho da kashin shanun. Zif ɗin kawai zan je in gwada.